Rusau a Spandau: Shin Niƙe Bulo Ya Hana Hubbare?

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a muhawarar da ake yi kan gine-ginen da suka gaji mummunan tarihi, har ana kawo shi kamar maganar da aka riga aka rufe. Ra'ayin shi ne wai rushe tsohon kurkukun soja na Spandau da ke yammacin Berlin a 1987 misali ne na rusau da ya biya buƙata. Masu wannan fahimta suna cewa ƙasashe huɗun da ke riƙe da birnin sun hango 'yan ra'ayin Nazi za su mayar da ginin hubbare da zarar Rudolf Hess, tsohon mataimakin Hitler da ke tsare a ciki, ya mutu, sai suka riga su, suka baje shi, aka gina kantuna a filin, yau kuma wanda ya bi ta titin Wilhelmstrasse ba abin da zai gani sai motoci da masu cefane. Daga nan sai a ɗauki wannan darasi a kai shi kan wasu barikoki da gidajen kaso a wasu ƙasashe, a ce ga maganin da aka gwada ya yi aiki. A ganina hujjar ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Abin da ya biyo bayan 1987 yana nuna cewa ziyarar da aka ji wa tsoro ta auku duk da rusau ɗin, kuma abin da ya taka mata birki daga baya ba shi da alaƙa da katafila.

Tarihin wurin sananne ne ga duk mai nazarin wannan fanni (Goda 2007), don haka a taƙaice kawai za a ambace shi. Daular Prussia ce ta gina shi da jan bulo a ƙarshen shekarun 1870 domin tsare sojojin da suka yi laifi, yana ɗaukar fursuna kimanin 600, daga 1919 kuma aka fara kai farar hula. A Yulin 1947 aka kawo mutum bakwai da kotun Nuremberg ta ɗaure: Neurath, Raeder, Dönitz, Funk, Speer, Schirach da Hess. Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet da Amurka suka riƙa karɓa-karɓar gadi wata-wata. Bayan sakin Speer da Schirach a 1966, Hess ya zama fursuna tilo a wannan ƙaton gini har tsawon shekara 21, saboda Moscow ta ƙi amincewa a sake shi. Ya mutu ranar 17 ga Agustan 1987 yana da shekara 93, kuma cikin 'yan makonni aka fara rushe ginin.

Abin da masu yabon rusau ɗin ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne saɓanin da ke cikin shawarar kanta. An bi bulo da tsananin kulawa: aka farfasa ɓaraguzan, aka binne wani kaso a filin jirgin saman sojan Birtaniya da ke Gatow, rahotanni kuma suka ce an zubar da wani a Tekun Arewa, duk don kada wani ya tsinci guntun bango ya mayar da shi abin neman tabarruki. Amma gawar mutumin, wadda ita ce ainihin abin da ake gina hubbare a kansa a kowace al'ada, sai aka miƙa ta ga iyalinsa. Wannan ya saɓa wa abin da ƙasashen suka yi a Oktoban 1946, lokacin da aka ƙone gawarwakin waɗanda aka rataye a Nuremberg aka watsa tokar a ruwa ba tare da an bar kabari ba. Ana iya fahimtar dalilin jinƙai da ya sa aka sassauta bayan shekara 41, kuma ba na cewa kuskure ne a ba iyali gawar ɗan'uwansu. Abin lura shi ne, idan manufar ita ce hana wurin ziyara, to an kashe maciji ba a sare kansa ba. A Maris ɗin 1988 aka binne Hess a kabarin danginsa da ke Wunsiedel, wani ƙaramin gari a arewacin jihar Bavaria, kuma tun watan Agustan wannan shekara masu ra'ayinsa suka fara taruwa a can.

Abin da ya faru a Wunsiedel shi ne ma'aunin da ya kamata a auna da'awar da shi. An yi ta jerin gwano a ƙarshen shekarun 1980, hukumomi suka hana daga 1991, kotu ta sake buɗe ƙofa a 2001, zuwa 2004 kuma mahalarta sun kai dubbai, suna zuwa daga ƙasashen Turai daban-daban suna cika titunan garin da mazaunansa kimanin dubu goma ne kacal. Abin da ya tsayar da taron watan Agusta shi ne gyaran da majalisar dokokin Jamus ta yi wa sashe na 130 na kundin hukunta laifuka a 2005, wanda ya haramta ɗaukaka mulkin Nazi a bainar jama'a ta hanyar da za ta ci zarafin waɗanda mulkin ya zalunta, kuma Kotun Tsarin Mulki da ke Karlsruhe ta tabbatar da gyaran a Nuwamban 2009. A Yulin 2011, bayan majalisar cocin garin ta ƙi sabunta hayar kabarin, aka tono ƙasusuwan da amincewar iyali, aka ƙone, aka watsa tokar a teku, aka kawar da dutsen kabarin. Ko wannan rusau na biyu bai kawo ƙarshen zuwan su ba, don sun ci gaba da jerin gwano a garin cikin watan Nuwamba da wani suna daban. A 2014 ne mutanen garin suka ɓullo da dabarar da ta shahara: aka yi alkawarin Yuro 10 kan kowace mita da masu jerin gwanon suka taka, aka tara Yuro 10,000 aka ba ƙungiyar EXIT-Deutschland mai taimaka wa masu son ficewa daga irin waɗannan ƙungiyoyi. Sa'annan a Agustan 2017, da cikar shekara 30 da mutuwar Hess, ɗaruruwan 'yan ra'ayin Nazi suka nufi Spandau ɗin kanta, suna son isa filin da ba sauran bulo ɗaya na kurkukun a cikinsa. Masu zanga-zangar adawa da su ne suka tare hanya suka hana su isa. Wato sun san wurin sarai, kantin bai ɓatar da su ba.

Mai kare rusau ba zai sare a nan ba, kuma amsarsa ta cancanci a ba ta fili sosai domin tana da ƙarfi. Zai ce duk abin da aka lissafa ya nuna ne kawai rusau bai magance komai da komai ba, bai nuna cewa barin ginin ba zai ƙara dagula lamarin ba. Zai ce ɗakin kurkuku yana da wani irin maganaɗisu da fili fetal ba shi da shi, kuma tarihin Jamus ɗin ma ya tabbatar da haka. Ga Landsberg: a can aka tsare Hitler bayan yunƙurin juyin mulkin da ya ci tura a Munich a Nuwamban 1923, a can ya tsara kashin farko na Mein Kampf, Hess ɗin nan yana tare da shi yana taya shi. Da 'yan Nazi suka hau mulki sai ɗakin ya zama wurin ziyara, matasan jam'iyyar suna tattaki zuwa can a 1937 da 1938. Ga kuma Wewelsburg, tsohuwar fadar da Himmler, shugaban rundunar SS ta 'yan Nazi, ya karɓa wa rundunar a 1934 kusa da Paderborn, inda wani zane da ke daɓen hasumiyar arewa ya zama tambarin da masu tsattsauran ra'ayi ke sawa a riga da jikinsu a ƙasashe da dama, suna kuma zuwa kallonsa har yau. Idan ɗaki guda da daɓe guda za su iya wannan aiki, me zai hana ɗakin da Hess ya tsufa a ciki? A ganinsa, hukumar da ta ga wannan hatsari ta kauce masa ba ta yi ganganci ba, ko da kuwa wani hatsarin ya ɓullo ta wata kafa.

Misalin Landsberg, idan aka bi shi har ƙarshe, ya fi taimaka wa ɓangaren da nake. Ɗakin Hitler ya zama hubbare ne a lokacin da gwamnati da kanta take shirya ziyarar, tana kwaso matasa tana kai su. Bayan 1945 ba a rushe ginin ba. Amurka ta mayar da shi gidan tsare masu laifukan yaƙi, a cikinsa aka zartar da hukuncin kisa na ƙarshe a Yunin 1951, aka miƙa shi ga Jamusawa a 1958, kuma har yanzu gidan yari ne na jihar Bavaria mai gandurobobi da ƙofofi a kulle. Ginin da ya fi Spandau nauyi a tatsuniyar 'yan Nazi yana nan tsaye, aikin yau da kullum da ake yi a cikinsa ya hana kowa mayar da shi wani abu. Inda matsala ta taso a Landsberg shi ne maƙabartar Spöttingen da ke gefen kurkukun, inda aka binne wasu daga cikin waɗanda aka rataye, har sai da hukumomi suka cire allunan sunaye daga kaburburan a 2003. Nan ma, kamar a Wunsiedel, kabari ne ya ja masu ziyara.

Wewelsburg kuwa dole a sallama wa abokin jayayya wani ɓangare nata. Gini yana iya jan irin waɗannan baƙi, kuma masu kula da wurin ba su ɓoye hakan ba. Abin da suka yi shi ne suka kewaye hasumiyar da baje-kolin tarihin SS da na fursunonin sansanin Niederhagen waɗanda aka tilasta wa aikin ginin, suka kuma zuba manyan matasan zama masu launi a cikin zauren, don wanda ya shigo da niyyar tsayuwar girmamawa ya tarar da 'yan makaranta a kishingiɗe a kan zanen. Dabarar ta rage armashin ziyarar, ba ta kashe ta ba. Saboda haka ba zan iya da'awar cewa da an bar Spandau da ba wanda zai zo ba, kuma duk wanda ya yi wannan da'awa ya wuce inda shaida ta tsaya. Abin da shaida ta ba da dama a faɗa ya fi haka ƙanƙanta: a dukkan wuraren nan, tsaye ko rusassu, masu ziyara sun zo, kuma abin da ya bambanta wuri da wuri shi ne ko akwai doka, da ma'aikata, da maƙwabta da ke shirye su tarbe su. Idan haka ne, ba daidai ba ne a rubuta nasarar da sunan rusau.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko zurfi. Mai kare rusau zai ce Spandau ba irin hedikwatar Gestapo, 'yan sandan sirrin Nazi, ba ce, inda bango ke ba da shaidar azabar da aka gana wa bayin Allah. A Spandau masu laifin ne a kulle, kuma duk wanda aka shigar da shi ɗakin wani tsoho ɗan shekara 93, ya ga gadonsa da sandarsa da lambun da yake zagayawa shi kaɗai, tausayi ne zai fara kama shi kafin ya tuna dokokin wariyar launin fata na 1935 da wannan tsoho yake cikin waɗanda suka rattaba wa hannu. Gidan tarihi a irin wannan wuri zai iya zama masana'antar ƙera shahidi. Wannan damuwa ce ta gaskiya, sai dai ta ginu a kan ɗaukar cewa tarihin ginin ya fara ne a 1947. Bayan gobarar majalisar Reichstag a ƙarshen Fabrairun 1933, Spandau na cikin wuraren farko da aka zuba 'yan adawar sabuwar gwamnati. A nan aka tsare ɗan jarida Carl von Ossietzky kafin a wuce da shi sansanonin Sonnenburg da Esterwegen, mutumin da aka ba lambar Nobel ta zaman lafiya ta 1935, ya kuma mutu a 1938 da ciwon da tsarewar ta ƙara masa. A nan aka tsare ɗan jarida Egon Erwin Kisch kafin a kore shi daga ƙasar. Katafilar da aka aiko don ta shafe sawun Hess ba ta bambance ɗakinsa da nasu ba. An yanke wa gini mai shekara fiye da ɗari hukunci bisa mazauninsa na ƙarshe, wanda a fakaice amincewa ce da iƙirarin 'yan Nazi cewa wurin nasu ne.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Da ginin ya tafi, hoton Spandau da ya rage a zukatan masu karatu shi ne wanda Albert Speer ya zana a kundin tunaninsa na kurkuku da ya fito a 1975, wanda aka haɗa daga dubban guntayen takardu da wani ma'aikacin jinya ya riƙa fitar masa da su a ɓoye. A nan ne aka san labarin lambun da ya gyara, da tafiyar zagaya duniya da ya ƙirƙira wa kansa, yana kewaya lambun yana ƙirga tazara, har ya haura kilomita 30,000, ranar sakinsa ta riske shi, a lissafinsa, a ƙasar Mexico. Labari ne mai daɗin ji, kuma ya yi wa mai shi aikin da yake so, wato ya fito a matsayin mutum mai tunani da nadama. Binciken da aka yi daga baya (Schmidt 1982, Brechtken 2017) ya nuna yawan abin da Speer ya ɓoye game da hannunsa a korar Yahudawan Berlin daga gidajensu da aikin tilas a masana'antun makamai. Masana'antar ƙera shahidin da ake tsoro, ashe, ta riga ta fara aiki a kan takarda, rusau ɗin kuma ya kawar da wuri guda da za a iya tsayawa a ƙaryata ta a gaban jama'a.

A kan gaggawar da aka yi, zan yi magana da taka-tsantsan. Binciken hukuma ya ce Hess ya rataye kansa da wayar lantarki a wani ɗan ɗakin hutu da ke cikin lambun, kuma ba a kawo wata hujja da ta rushe wannan ba. Amma ɗansa ya rayu yana cewa kashe shi aka yi, kuma wannan zargi shi ne taken da masu jerin gwanon 2017 suka ɗaga, suna neman a buɗe takardun sirri. Ba za a iya auna yawan gudummawar da saurin kawar da ɗakin hutun da sauran ginin ya bayar wajen raya zargin ba, kuma mai yiwuwa da zargin ya rayu ko da an bar komai a wurinsa, don masu irin wannan tunani ba su rasa abin kamawa. Duk da haka yana da wuya a ce share wurin mutuwa cikin hanzari ya taimaki masu son a yarda da rahoton hukuma.

Ƙorafi na ƙarshe na zamani ne: wai ana auna 1987 da ma'aunin yau, alhali a lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka, kurkukun yana ƙarƙashin ƙasashe huɗu da ba sa jituwa, kuma al'adar mayar da wuraren masu laifi cibiyoyin ilimi ba ta kafu ba. Rabin farko gaskiya ne. An riga an cimma matsaya kan rushewar tun Hess yana raye, kuma ba a ga alamar Moscow za ta yarda a buɗe gidan tarihi a yankin Birtaniya wanda ba ta da ta cewa a kan abin da zai faɗa ba. Rabi na biyu kuwa bai yi daidai da abin da ke faruwa a birnin ba. A wannan shekara ta 1987, cikin bukukuwan cikar Berlin shekara 750, aka buɗe baje-kolin farko a kangon hedikwatar Gestapo, bayan matsin lambar ƙungiyoyin 'yan gari da suka riƙa tona wurin, abin da ya girma ya zama cibiyar Topographie des Terrors da aka buɗe gininta a 2010 (Ladd 1997 ya bi farkon wannan muhawara). Abin sha'awa a nan shi ne, waɗancan gine-gine ma an rushe su tun shekarun 1950. Abin da aka ceto fili ne da tushen bango.

Wannan ya kawo mu ga bambancin da masu yabon Spandau ke haɗiyewa, tsakanin rushe gini da abin da aka yi da filinsa. Shawara biyu ce, kuma ko an yafe ta farko saboda halin da ake ciki, ta biyu ba ta da wannan uzuri. Rundunar Birtaniya ta gina wa sojojinta da iyalansu cibiyar sayayya da shaƙatawa mai suna Britannia Centre, aka buɗe ta a 1990, sojojin kuma ba su ɓata lokaci ba suka laƙaba mata sunan barkwanci mai ɗauke da sunan Hess. Shekara huɗu kacal ta yi wa masu ita aiki, don a 1994 dakarun ƙawance suka bar Berlin, wurin ya koma hannun Jamusawa, manyan kantuna suka shiga. Daga wannan lokaci ba sauran kujerar na-ƙi ta Sobiyet, ba sauran yarjejeniyar ƙasashe huɗu. Wasu wuraren da aka bi da irin wannan shiru sun sauya hanya. A Obersalzberg an tarwatsa kangon gidan Hitler da nakiya a 1952, masu ziyara ba su daina zuwa ba, har jihar Bavaria ta buɗe cibiyar bayanai a 1999. A filin ajiye motocin da ke kan ramin da Hitler ya mutu a ciki, an shekara da shekaru ana ƙin sa alama saboda tsoron hubbare, masu yawon buɗe ido suna ta zuwa suna jin ƙarairayi daga bakin duk wanda ya ga dama, sai a 2006 ƙungiyar Berliner Unterwelten ta kafa allon bayani mai taswirar ramin. Tun da aka kafa shi wurin bai zama hubbare ba, kuma allon bai ci ko gurbin mota ɗaya ba.

Saboda haka wanda zai kafa hujja da Spandau don ya rushe wani tsohon bariki yana da abubuwa biyu da zai fara nunawa, waɗanda Spandau ba ta nuna masa ba: cewa masu ziyarar da yake tsoro ginin suke bi, ba kabari ko ranar tunawa ba, da kuma cewa ya ƙirga duk waɗanda suka taɓa kwana a cikin ginin kafin ya yanke hukuncin tarihin wa yake shafewa. Yana iya samun wasu dalilai na rusau, kamar tsadar gyara ko ƙarancin filin gidaje a tsakiyar gari, kuma waɗannan dalilai ne da ake iya aunawa da alƙaluma a yi gardama a kansu. Amma su ba a kawo su a 1987 ba, kuma ba su ne ake yabon Spandau a kansu ba.